Ba Za Su Rufe Mini Baƙar Taga Ba

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 1:20 na rana

Ba ni na taɓa fayil ɗin ba. Na rubuta a nan ne tunda a ɗakin taro babu wanda ya bar ni na kai ƙarshen maganata.

Ofishinmu ke kula da manhajar da take tura wa iyaye mata saƙon tes, tana tuna musu ranar kai yara rigakafi. Folda biyu gare mu, kamarsu ɗaya sak. Akwai ta gwaji, inda kowa ke kwaɓa abin da ya ga dama har ya gyaru, akwai kuma ta ainihi, wadda duk abin da ka taɓa a cikinta nan take ya tafi wayoyin mutane. Ranar Alhamis da ta wuce, ƙarfe goma da minti arba'in da biyu, wani ya canza layi ɗaya a ta ainihi. Washegari mata sama da ɗari uku suka yi sammako da goyonsu suka cika asibiti biyu a ranar da ba tasu ba. Aka sallame su haka nan, wasu ma daga nesa suka fito. Abin ya yi mini zafi, kuma ba na bukatar wani ya koya mini jin zafinsa.

Sabon manajanmu, wanda na sa wa suna Mai Turare saboda ƙamshinsa kan riga shi shigowa, ya juyo wajena ya ce, "Anti, ai fayil ɗinki ne." E, nawa ne. Ni na rubuta shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, sunana na nan a samansa. Amma mu shida ne ke shiga babbar na'ura da kalmar sirri ɗaya, abin da bakina ya gaji da cewa a daina.

Masu kamfani za su zauna ranar Juma'a 22 ga wata. In laifin ya tsaya a kaina, zan bar teburina na saman bene in sauka ƙasa ɗakin amsa waya. Wai ba kora ba ce. Shekara goma sha ɗaya ina gina abin nan, in ƙare da "Barka da rana, da me za mu taimaka?" Ba zan sauka ba.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 11:05 na safe

Takarda ta fito an liƙa a bango. Dogo ne ya karanta ta da ƙarfi, ban ma roƙe shi ba. Dogo maƙwabcin teburina ne, shekara shida muna zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma ya ƙware a irin wannan: yana wucewa sai ya karanta abu a bayyane kamar kansa yake karanta wa.

Takardar ta ce za a rufe baƙar taga a kwamfutar kowa. Wai harafi ɗaya in ka kuskure a cikinta sai ka tafka ɓarna, don haka kowa ya riƙa buɗe edita ta hanyar danna ɗan hotonta da maus, kamar yadda ake yi a ko'ina. Kowa ya san da wa ake. Ni kaɗai ce a ofishin nan ke wuni a baƙar taga, har suna kirana Anti Baƙar Taga, ko a jikina.

Me ta yi musu? Fili ne baƙi a fuskar kwamfuta, ba hoto ba ado, sai ɗan layi yana ƙiftawa yana jiranka. Ka rubuta abin da kake so, ta yi. Edita kuwa ita ce manhajar da muke rubuta aikinmu a cikinta. In zan fara aiki sai in rubuta "buɗe", in bi shi da sunan folda, in bi shi da wata lamba, in danna. Edita ta buɗe a daidai inda na ce mata, ba inda ta ga dama ba. Ni na haɗa wannan umarni da hannuna, yatsuna sun san hanya ko ban duba ba. Shi kuwa ɗan hoto, sai ka nemo 'yar kibiyar nan, ka ja ta, ka saita, ka danna sau biyu, kamar mai zura zare a allura. Ba ni da lokacin wannan.

Lokaci ne matsalar. Lokaci kawai.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 8:40 na safe

Na gai da kwat ɗin Mai Turare da ya rataye a bayan kujerarsa. Har da tambayar ya iyali. Ina jin babu wanda ya ji.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Na dawo na tarar da Yaya ta kame a falo, jaka a kan cinya. In Yaya ba ta ajiye jaka ba, to ba zumunci ne ya kawo ta ba.

"Auta, katin asibitin nan naki har ya tsufa a jakata. Likita ya ce a dawo bayan mako biyu. Yau mako bakwai."

Na ce, "Yaya, aiki ne ya sha mini kai."

"Aikin da me za ki yi shi nan gaba?"

Na tambaye ta shayi za ta sha ko ruwa.

Ta juya wajen Baban Yara, wanda ya ɓuya a bayan jarida, ta ce, "Ka gan ta ko? Tun tana ƙarama haka take. Ta faɗi ta fasa gwiwa, ta tashi ta ce ƙasa ce ta zo ta same ta." Jarida ta yi ta rawa, shi a dole ba dariya yake yi ba.

Na ce mata bayan 22 ga wata. Ta ce ta rubuta. Ban gaya mata abin da ke faruwa a ofis ba, don in ta ji, gobe da safe sai dai Mai Turare ya gan ta tsaye a kansa.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 3:15 na yamma

Shi da kansa ya bi tebur-tebur yana rufe wa mutane taga. Babu wanda ya damu, da ma ba sa amfani da ita. Ƙamshinsa ya ba ni lokacin da na saba samu, na gyara abin da nake gyarawa a fuskar kwamfutata kafin ya iso. Tun bara na juya ta ta fuskanci bango, na ce musu hasken waje ke damuna.

"Anti, saura taki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a zauna ba tukuna, har an fara hukunci?"

"Ba hukunci ba ne, tsari ne."

"To tsarin ya jira 22 ga wata."

Ya ce ko sau ɗaya in gwada da maus ya gani. Na jawo durowa na laluɓo shi can ƙarƙashin tsofaffin takardu. Batirinsa ya fashe a ciki, har ya yi farin gari. Dogo ya leƙo ya ce, "Oga, wannan ai tun kafin ka zo ya rasu, mun ma yi sadakar bakwai." Ofis ya kwashe da dariya. Mai Turare ya murtuke ya wuce.

Na ci wannan zagaye. Amma da na koma kan kibod, sau uku ina rubuta "buɗe" ina kuskurewa, abin da ban taɓa yi ba.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 10:30 na safe

Ya kawo mini kyauta. Sabon maus, a kwalinsa, da ledarsa. Ya saka shi da hannunsa, ya tsaya a bayana, ya ce bismilla.

Na ɗora hannu na motsa. Na san kibiyar na nan, tana yawo a wani wuri a wannan farin fili, amma ni da ita ba mu haɗu ba. Na ja hagu, na ja dama. Na ji ofis ya yi tsit, har ƙarar fanka nake ji.

Sai Dogo ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Oga, sababbin nan duk haka suke, kibiyar can kusurwar sama ta dama suke jefa ta. Ɗan hoton kuma ga shi can ƙasa hagu, na uku. Tafiya ce mai nisa." Na bi maganarsa, na ja har ƙasa, na ƙirga, na danna. Ta buɗe.

Mai Turare ya ce, "Kin gani? Ba wuya."

Na ce, "Na gani."

Yana tafiya na zare abin na mayar kwali. Na shiga banɗaki na daɗe ina wanke hannu. Ban gode wa Dogo ba, don in na gode, na yarda akwai abin da ya yi mini.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 1:10 na rana

Kwana takwas ina zaune a kan shaidata ban sani ba.

Baƙar taga ba ta mantuwa. Duk umarnin da ka rubuta mata tana ajiye shi, da ranarsa da lokacinsa. Na kira tarihin nawa ya fito, layi dubu huɗu da 'yan kai. Na gangara zuwa waccan Alhamis. Ƙarfe goma da minti talatin da ɗaya: "buɗe gwaji 36". Layi na gaba sai sha biyu saura minti biyu. Wato lokacin da aka yi ɓarnar ina cikin gwaji, kuma editar da aka buɗe a gwaji ba ta ganin ainihi. Na nemi ranar da na rubuta "buɗe ainihi" ta ƙarshe, wata biyar ke nan. Ta wajen ɗan hoto kuwa, ofis duka sun ga gawar maus ɗina ranar Juma'a.

Saura kaɗan in tashi in yi rawa. Har na fara tsara yadda zan karanta wa Mai Turare shi layi-layi, a hankali, ina tsayawa ina shan ruwa.

Sai na hau sama.

Farkon bara, "buɗe gwaji 14". Bayan wata uku, 16. Sai 18, sai 22. Sai 26 ta zauna wata biyu har na ce abin ya tsaya. Sai 30, sai 36. Wannan makon 40. Lambar girman rubutu ce. Kowa a ofishin nan da 12 yake aiki.

Layin da zai wanke ni shi ne layin da ke ɗauke da lambar. Babu mai hankalin da zai ga wannan jeri bai tambaya ba. In kuma suka tambaya, ba sa ma bukatar wani laifi kafin su saukar da ni, da tausayi za su yi shi, har da addu'a.

Na rufe. Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Arba'in ma ta fara yi mini kaɗan.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Dogo ya tare ni a kan bene, inda matakala ta karya kwana. Ya ce, "Anti, minti ɗaya." Tun daga muryarsa na gane.

Ranar Laraba kafin abin, Oga ya sa shi ya duba wani abu a foldar ainihi. Ya duba, ya rufe edita, ya tafi gida. Ranar Alhamis ya zo ya danna ɗan hoto. Shi kuwa ɗan hoto ba ya tambayar ka ina za ka, inda aka tsaya jiya nan yake mayar da kai. Folda biyun kamarsu ɗaya, ya ɗauka a gwaji yake. Ya canza layin don ya gwada wani abu, ya ajiye, ya tafi shan shayi.

"Wallahi Anti sai Juma'a na gane."

Na ce, "Shi ne ka zauna kana kallo ana ci mini fuska mako biyu?"

"Ke in an saukar da ke kina nan cikin gida. Ni gargaɗi biyu gare ni a rubuce, wannan na uku ne, korata za a yi. Ga madam da ciki wata takwas."

Da ya tsaya a nan, ban san me zan ce ba. Amma bai tsaya ba. Ya rage murya ya ce, "Kuma Anti, ni ma shekara guda ina rufa miki naki. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Har yanzu ban sani ba roƙo ne ko barazana. Ina jin shi ma bai sani ba. Na ce, "Matsa in wuce." Na kama ƙarfen matakala na sauka ina ƙirga su a raina.

Ashe ɗan hoton da Mai Turare ke tallatawa shi ya tura mata ɗari uku asibiti. Da wani lokaci ne da na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Na gaya wa Baban Yara komai. Yana zaune a baranda ya kwance fankar ɗakin yara, sukurori jere a murfin gwangwani.

Ya ce, "Injiniya, ki faɗi sunansa mana, a huta."

"Da wace shaida? Maganar kan bene? Zai ce ban ji daidai ba, sannan ya faɗi nawa."

"To ki riga shi. Ki faɗi naki da bakinki."

Na ce, "Ni ba ni da wani nawa."

Na ji ya ajiye sukundireba. Ya ce, "Jiya gishiri kika zuba mini a shayi."

"Ka kuma sha?"

"Na sha. Wata uku ke nan ina shan abubuwa iri-iri a gidan nan, ban yi magana ba."

Na ce masa ba wanda ya sa shi, gobe ya haɗa da kansa. Ya ce to. Na ce kuma ya daina bi bayana yana kwashe takalman yara daga hanya, yana tsammani ban sani ba. Ya ce to. Wannan "to" ɗin nasa shi ya fi komai ɓata mini rai. Na shige kicin na rufe ƙofa, na buɗe famfo don kada a ji.

Ina jin tsoro. Ga shi na rubuta. Ba zan sake rubutawa ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 12:45 na rana

Na kwafi tarihin na ajiye gefe. Da umarni ɗaya na share duk lambobin ƙarshen layi. Ya fito fes: buɗe gwaji, buɗe gwaji, buɗe gwaji, da ranaku da lokuta, babu abin tambaya. Aiki mai kyau, ko ni na yaba.

Na zauna a gabansa kusan minti goma. Ana zargina da gyara fayil a ɓoye, ni kuma in je in kare kaina da fayil ɗin da na gyara a ɓoye. Kuma na asalin na nan a babbar na'ura, in Mai Turare ya sa aka ciro, to ranar na zama maƙaryaciya ta gaske, ba ta zargi ba.

Na goge kwafin. Ba don ina waliyyiya ba. Ban taɓa miƙa aikin da na san akwai ruɓa a cikinsa ba, ba kuma Mai Turare ne zai sa in fara ba.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Dogo ya daina karatu da ƙarfi. Ya matsar da kujerarsa, ya sa abin ji a kunne. An liƙa sanarwa an dawo da taron yau daga sha biyu zuwa sha ɗaya, ni ina zaune ina aiki, sai da aka aiko kirana. Na shiga kowa ya zauna. Mai Turare ya ce, "Anti, takardar na bango tun jiya." Na ce ban bi ta wajen ba. Ta nan nake wucewa sau shida a rana.

Ashe haka na jingina da yaron mutane ban sani ba. Shekara guda ina taƙama ni kaɗai nake riƙe da kaina.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 8:15 na safe

Wata daga ɗakin waya ta tare ni a ƙofa ta ce sun share mini tebur kusa da taga, wai iska na shigowa. Na ce ta ɗora tukunyar fure a kai.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Na taɓa kafaɗar Dogo ya cire abin kunnensa. Na ce, "Gobe zan haska tarihina a bango, dukkansa, yadda yake. Ba zan kira sunanka ba. Abin da za ka yi da bakinka kuma naka ne."

Ya ce, "Anti, za su ga lambobin fa."

Na ce, "Su gani."

"To in suka tambaya?"

"Dogo, ka rufa mini shekara guda, na gode. Daga gobe ba ka da abin rufawa, ka huta."

Na ji yana ta danna biro, yana buɗewa yana rufewa, har aka tashi.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru kafin in fara yi masa kwaskwarima.

Hajiya, mai kamfanin, wadda ta ɗauke ni aiki tun muna ɗaki ɗaya da kwamfuta biyu, ita ta zauna a kujerar shugaba. Abokan hulɗarta biyu a gefe, Mai Turare da takardunsa, mu shida a jikin bango. Ya yi bayaninsa: fayil ɗina ne, ni kaɗai ke amfani da hanya mai haɗari, na ƙi bin tsari. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, wannan zan ba shi.

Na ce a ba ni majigi. Na haɗa kwamfutata, na buɗe baƙar taga, na kira tarihi. Ya cika bango. Na faɗi yadda nake buɗe edita, na faɗi lokacin da aka yi ɓarnar. Hajiya ta ce in nuna mata layin. Daga inda nake zaune bangon haske ne kawai. Sai na tashi, na zagaya tebur, na je har gindin bango, na matsa har ina jin warin fenti, na bi da yatsa na samo shi. Na karanta. Goma da talatin da ɗaya, buɗe gwaji, talatin da shida.

Babu wanda ya motsa.

Na ce su hau sama su nemi ainihi. Suka nema, wata biyar. Na ce su je kowace kwamfuta su danna ɗan hoto su ga inda zai kai su, ba zai tambaye su ba, inda aka tsaya jiya zai ajiye su. Ɗaya daga cikin abokan hulɗar Hajiya ya fita ya gwada, ya dawo ya ce haka ne.

Sai Hajiya ta ce, "Wannan lambar ta ƙarshe fa, da ke ta hawa?"

Na ce, "Girman rubutu ne, Hajiya. Idanuna ne ke tafiya. Tun bara. Likita ya ce ba za su dawo ba, sai dai a rage musu gudu."

Ban taɓa faɗinsa ba, ko a nan. Na ɗauka ƙasa za ta tsage. Ba abin da ya faru, majigi ya ci gaba da ƙugi.

Daga bayana na ji an ture kujera. Dogo ya ce, "Hajiya, ni ne. Ni na danna." Ya faɗi komai, bai rage ba bai ƙara ba.

Na ɗauka an gama. Sai Mai Turare ya gyara murya, ya sassauta ta irin ta masu dubiya, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Anti. Laifi kam ba naki ba ne. Amma Hajiya, a wannan yanayi, ai ɗakin waya zai fi mata sauƙi."

Ga shi nan. Abin da na yi shekara ina gudu, da addu'arsa da komai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya buɗe foldar da ba ita ba idonsa biyu garau. Ni shekara goma sha ɗaya ban taɓa ba, shekarar nan ma da nake laluɓe ban taɓa ba, saboda ni sai na kira sunan folda kafin in shiga. Ku bar mini tagata, ku auna ni da aikina. Ranar da na kasa, da ƙafata zan sauka, ba sai an rako ni ba."

Na san maganar ta soki Dogo, bayan abin da ya yi yanzun nan. Ban so ba. Amma ban janye ba.

Hajiya ta juyo wajena. Sannan ta ce, "Shekara guda, ba ki zo kin same ni ba?" Na ce, "Da na zo, da me za ki ce?" Ta ce kowa ya tafi, sai Litinin.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Teburina nawa ne. An cire takardar bango. Kowa zai samu kalmar sirrinsa, kuma wai in koya wa sauran yadda ake buɗe edita da sunan folda, Mai Turare da kansa ya faɗa, ina jin silin yake kallo. Kujerar Dogo babu kowa. An ce dakatarwa ce ta wata guda, ban san gaskiyar abin ba. Na kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Zan sake kira.

Tun safe kowa ke yi mini magana a hankali. Wani ya janye kwandon shara daga inda ya shekara yana zaune, na je neman sa na yi tuntuɓe da shi a sabon wurin. Na ce duk wanda ya sake gyara mini hanya ba tare da ya faɗa ba, ni da shi ne. Sun yi dariya, ta farko yau da ba ta tausayi ba.

Na juyo da fuskar kwamfutata ta kalli ofis. Harafi ɗaya ya kai girman babban yatsa. Wanda zai kalla ya kalla.

Na kira Yaya na ce gobe ƙarfe takwas ta zo da katin. Ta ce, "Auta, zan riƙe miki hannu fa, kada ki ce za ki yi mini gardama a titi."

Na ce ta riƙe. A titi, a asibiti, duk inda ta ga dama. Amma in ta dawo da ni, a bakin ƙofar ofis za ta sake ni. Benen nan ni zan hau da kaina.